Ranar da Wuyana Ya Ƙi Dama

A watan Afrilu, in wuta ta ɗauke a Maradi cikin dare, ba a neman shawarar kowa. Kowa tabarmarsa yake ja ya fito tsakar gida. Yara sun riga ni kwashe matasan kai, don haka na jawo buhun gero da ya rage rabi na jingina ƙeya, na ɗora waya bisa ƙirji ina kallon tsofaffin wasannin kokawar Takobi. Ban san inda aka kwana ba sai da na ji ladan.

Na yunƙura zan tashi, wani zafi ya tsarga mini daga bayan kunnen dama har gindin wuya. Kai ya karkace, kunnen dama ya nufi kafaɗa, fuska ta juya hagu ta kafe. Na miƙe tsaye, gangar jiki na kallon gabas, fuska ta kama hanyar Dakoro.

Haka na lallaɓa masallaci. Ruku'u da sujada an yi su da taimakon Allah. Inda aka samu matsala wajen sallama ne. Liman ya sallame, sahu duka ya juya dama, ni kuma wuya ya ce ba da shi ba. Sai na kwaso jikin gaba ɗaya na juya, gwiwata ta daki cinyar dattijon da ke damana, ya saki carbi. Shi kuwa na hagu, wanda tun kabbarar farko har tahiya nake zuba masa ido ba ƙiftawa, ana shafa fatiha ya matso ya rage murya: "Malam, in don jika biyun nan ne, ka yi mini haƙuri zuwa ƙarshen wata." Wallahi na ma manta ina bin sa bashi.

A gida kuma wata sabuwa. Na zauna ƙofar gida ina jiran koko, ga shi gidan da ke hagu da mu akwai wata bazawara da ba ta daɗe da dawowa ba. Uwargida ta fito da kwano, ta dube ni, ta bi inda idona ya nufa, ta ce, "To, Allah ya sanya alheri. In sadaki ne bai cika ba a faɗa mini in saida akuyata." Na yi rantsuwa har na gaji. Abin da ya wanke ni ƙosai ne. Ta ajiye shi da zafinsa ta hannun damana, ta ga ban ko waiwaya ba. Nan ta dafe ƙirji ta ce lalle wannan ba lafiya ba.

Kafin hantsi tsakar gida ta cika. Wata ta kawo man zafi, aka mulke ni har ido na hawaye. Maƙwabcinmu ya ce a kira wanzami ya kafa ƙaho a ƙeya, mugun jini ne. Gwaggona ta shiga madafa ta fito da taɓarya, ta ce in kwanta rubda ciki ta murza mini, haka ake yi tun zamanin kakanni. Wani yaron fada da ke koyon aski ya naɗe hannun riga ya ce in ba shi kan kawai, juyi ɗaya zai yi, a ji ƙas, shi ke nan. Ina ja da baya ina ba su haƙuri, sai Inna da ke zaune gefe ta ce a hankali, "Ku dai duba, kada wanga abu sanƙarau ne."

Tsit aka yi. A garin nan ba a wasa da wannan suna, balle da bazara. Muna tsakiyar yankin da cutar ke bi duk shekara, daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta ke nan, daga hunturu zuwa faɗuwar ruwa. An yi allurar rigakafin wani nau'inta tun daga 2010, aka samu sauƙi sosai, amma a 2015 wani nau'in ya ɓarke, ya fi tsanani a Yamai, kuma mutane ba su manta ba. Gwaggo ta jingine taɓarya, aka tsayar mini da kabu-kabu.

Tafiyar nan ma sai da ta jawo mini magana. Duk wanda ke hagun hanya na gaishe shi, har waɗanda ban sani ba, tunda ido ya riga ya haɗu. Surukina kuwa shagonsa na dama. Yana zaune bakin ƙofa, muka wuce ta gabansa a hankali saboda rami, na juya masa ƙeya tsaf. Ban kai likita ba labari ya isa gida cewa na fara girman kai.

Majon da ya duba ni, wato babban ma'aikacin jinya na wurin, mutum ne mai sanyin magana, furfura ta fara masa. Bai taɓa wuyan ba tukuna. Ya auna zafin jiki, babu zazzaɓi. Ya jero tambayoyi: ciwon kai mai tsanani? Amai? Haske na damun ido? Na faɗo daga babur ko wani abu ya buge ni? Hannu na yin sanyi, ko tsuwa, ko abu na suɓucewa daga yatsu? Duk na ce a'a, da baki, don kai ba ya girgizuwa. Ya kwantar da ni rigingine, ya sa tafinsa ƙarƙashin ƙeyata ya ɗago a hankali. Haɓa ta kusa taɓa ƙirji, da ɗan zafi amma ta tafi.

"Ba shi ba ne," in ji shi. "Mai sanƙarau sunkuyawar nan ce ke gagara, ga zazzaɓi, ga ciwon kai, wani har ya fita hayyacinsa. Kai naka waiwaye ne ya ƙi. Amma wadda ta ce a kawo ka ta yi daidai. Wuya ya ƙage da zazzaɓi, ba a kwana da shi gida."

Na ji wani sanyi ya ratsa ni, na fara neman takalmi. Ya ce ina zan je, yanzu ma aka fara.

Ya zaunar da ni bisa benci, ya zagaya bayana ya tsaya yana kallo, ya dawo gaba. Ya ce kafaɗar dama ta fi ta hagu tashi. Sannan ya sa ni motsi iri shida, ɗaya bayan ɗaya: haɓa zuwa ƙirji, kallon rufin ɗaki, waiwaye hagu, waiwaye dama, kunne zuwa kafaɗar dama, kunne zuwa ta hagu. Ya ce lafiyayyen wuya yana waiwayawa wajen digiri 80 kowane gefe, haɓa ta kusa daidaita da kafaɗa, karkatawa gefe kuma wajen 45. Waiwayen hagu na ci shi da daraja, tunda can nake zaune tun asuba. Na dama ko tsakiya ban kai ba. Da aka zo kunne zuwa kafaɗar hagu, na ga kunnen ba zai je ba, sai na ɗago kafaɗar ta tarye shi a hanya. Majo ya danna ta ƙasa da yatsa ɗaya ya ce, "Malam, nan ba jarrabawar lakwal ba ce, ba a satar amsa."

Daga nan ya bi wuyan da yatsu yana latsawa. Da ya iso wata tsoka a gefen dama na yi ƙarar da har mai shara ta leƙo. Ya kama hannuna ya ɗora a nasa wuyan, ya juya fuskarsa hagu, sai ga wani dogon abu ya miƙe a dama, daga bayan kunne ya gangaro a karkace har gindin maƙogwaro. Ya ce mu jijiya muke ce mata, amma tsoka ce, sunanta a takarda sitarno-kilido-mastoyidiyan. Sama tana kame da ƙashin bayan kunne, ƙasa ta rabu biyu, reshe ɗaya a ƙashin ƙirji, ɗaya a ƙashin nan da ke kwance daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Guda biyu ne, dama da hagu. Abin da ya ɗaure mini kai, ta dama ita ke juya fuska hagu, ta hagu ke juya ta dama. In suka ja tare, kai ya sunkuya gaba. Tawa ta dama ce ta ɗaure ta ƙi saki, shi ya sa ta jawo kunne ƙasa ta tura fuska gidan bazawara. Na roƙe shi ya rubuta wannan bayani a takarda ya buga hatimi, akwai wadda zan kai wa.

Da ya ga ina saurare, sai bakinsa ya buɗe. Ya ce kan babban mutum ya kai kilo 5 ko kusa da haka, kuma yana zaune ne kamar kankana da aka ɗora a tsinin sanda aka ɗaure ta da igiyoyi ta kowace kusurwa: igiya ɗaya ta ɗame, sauran duk su shiga wahala. Akwai babbar tsoka mai faɗi a baya, tirafez, daga ƙeya ta bazu zuwa kafaɗu ta gangara tsakiyar baya, ita ke ɗaga kafaɗa in mutum ya ce oho. Akwai wasu a gefe da ke sauka su kama haƙarƙari na ɗaya da na biyu, suna taya numfashi in an yi gudu ana haki. Akwai wasu ƙanana can ciki ƙarƙashin ƙeya, su ne ke shan azaba in an kwana ana kallon waya. Ya ɗan dube ni. Ni ma na dubi bango, dama can shi nake kallo.

Ƙasusuwan wuya kuwa 7 ne. Ya ce raƙumin dawan da ake zuwa kallo a Kure, duk tsawon nan nasa, shi ma 7 ne, girma kawai suka fi namu. Na sama shi ke ɗauke da ƙoƙon kai, a kansa ake gyaɗa kai a ce i. Na biyu yana da wani ɗan turke da na farkon ke juyawa a kansa, kuma kusan rabin waiwayen mutum daga nan yake fitowa, wato wurin girgiza kai a ce a'a. Wannan bayani da na sani ban maimaita shi a gida ba. Uwargida na jin cewa i ɗina na aiki, a'a ce ta lalace, ta kawo maganar kuɗin ankon bikin ƙanwarta a daren.

Sai gwajin ƙarfi. Ya dafa goshina ya ce in tura, shi yana tarewa. Ya koma ƙeya, ya koma gefen kai dama da hagu. Ya sa tafi a muƙamuƙina na hagu ya ce in juya in ture hannun, ɗaya hannun nasa na tattaɓa tsokar dama yana jin yadda take tashi. Ya danne kafaɗuna biyu ya ce in ɗaga. Ya ce wannan tsokar da tirafez jijiya ɗaya ke ba su umarni, ta 11 cikin 12 da ke fitowa kai tsaye daga cikin kai, don haka da waiwaye da ɗaga kafaɗa ake gane lafiyarta. Maki ake bayarwa daga 0 zuwa 5. Sifiri babu motsi sam, 1 tsoka ta ɗan motsa amma gaɓa ba ta tafi ba, 2 tana tafiya in an ɗauke mata nauyi, 3 tana iya ɗaga nauyin kanta, 4 tana ture hannun likita amma ba da cikakken ƙarfi ba, 5 lafiya lau. Kafaɗuna suka ci 5. Wuyan kuma ya ce ba zai yanke masa hukunci yau ba, don mai jin zafi sakin jiki yake yi ko da ƙarfinsa na nan.

Bai tsaya nan ba. Ya ba ni yatsunsa biyu in matse, ya sa na buɗe nawa yana ƙoƙarin haɗe su, ya ƙwanƙwasa gwiwar hannuna da ƴar gudumar roba hannun ya zabura da kansa. Na ce, "Majo, wuya fa na kawo." Ya ce jijiyoyin hannu ta tsakanin ƙasusuwan wuya suke fitowa, in wani abu ya danne ɗaya, a yatsu ake jin labari. Nawa ba abin da ya danne.

Na tambayi hoto. Ya ce ba faɗuwa, ba zazzaɓi, hannu lafiya, hoton me? Raina bai so ba, don na so in koma da wani abu babba cikin ambulan in nuna wa suruki. Abin da na samu ƴar takardar magani ce ta rage zafi, da umarnin in riƙa gasa wurin da tsumma mai ɗumi, in riƙa motsa wuyan a hankali iya inda ya yarda, kada in naɗe shi da rawani in zauna wuri ɗaya, waya kuma a ɗago ta daidai ido. Da na ba shi labarin yaron aski, ya ajiye biro ya ce kada in kuskura in bari wani ya fizge mini wuya, akwai hanyoyin jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ta cikin ƙasusuwan nan suke bi. Taɓarya kuma a bar ta wa turmi.

Kafin Juma'a ta zagayo na sallame salla dama da hagu ba tare da na daki kowa ba. Na je na durƙusa gaban suruki na yi bayanin tsokar dama da ke juya fuska hagu. Ya saurara har ƙarshe, ya ce shi dai a zamaninsu ko wuyan mutum ya karye yana sauka daga abin hawa ya gaida manya.

Ilimi kuwa ba ya zama cikin ciki. A fada, ana jiran shayi na biyu, na fara gwada wuyan jama'a ina raba maki. Tela ya samu 4, ya ji haushi. Mai caji ya samu 4 shi ma, na yi masa nasiha kan waya. Sai aka turo mini wani tsohon ɗan kokawa da ke dakon buhuna a babbar kasuwa, mutumin da ba a gane inda kansa ya ƙare kafaɗa ta fara. Na gyara tsayuwa, na dafa goshinsa, na ce, "Tura da iya ƙarfinka." Ya ce, "Duka?" Na ce duka.

Ni da benci da butar shayi da mai dafa shayin, a bakin kwata aka tsince mu. Washegari na koma wurin Majo da wuyan hannu a kumbure. Yana naɗa bandeji ina ba shi labari, bai ce komai ba sai da ya ɗaure ƙarshen, sannan ya tambaya, "To, nawa ka ba shi?"