Bayan an sallame shi, wa ke duba mai ciwon zuciya?

Kwana uku gwaggona ta yi tana barci a zaune, an jingina mata matasai a bango, don da ta kwanta sai numfashi ya sarƙe. Ƙafafu sun kumbura har silifa ba ya shiga. In ka danna ƙwaurinta da yatsa, ramin sai ya daɗe bai cike ba. A gida aka ce sanyi ne, maƙwabciya ta ce fuka ce. Da muka kai ta asibiti nan Maraɗi, likita ya saurari bayanta ya ce zuciya ce ta gaza, ruwa ya taru a huhu.

Aka sa mata iskar oksijin, aka yi mata allurar Lasilix mai fitar da ruwa daga jiki. Daren nan fitsari ta kwana yi, washegari ta miƙe a gado ta yi barci. Bayan mako guda aka sallame ta, muka yi ta hamdala. Ba a cika wata biyu ba muka sake ɗauko ta a adaidaita, ta fi da jigata. Magani ya ƙare, ta ji sauƙi, ta daina sha.

Abin da nake so mu gane ke nan: a ciwon nan gadon asibiti ba shi ne wurin da ya fi hatsari ba. Binciken THESUS-HF da aka wallafa a 2012 ya bi majinyata sama da 1,000 a ƙasashe 9 na Afirka. Matsakaicin shekarunsu 52, kuma hawan jini ne babban sanadi. Kimanin 4 cikin 100 suka rasu a asibiti, amma cikin wata shida adadin ya kusa 18. Yawancinsu ke nan bayan sallama suka cika.

Wani binciken, STRONG-HF na 2022, ya gwada a riƙa ganin majinyaci akai-akai a makonnin farko bayan sallama, ana ƙara masa ƙarfin magungunan da ke kare zuciya cikin hanzari. Masu mutuwa ko komawa asibiti cikin wata shida suka ragu daga kusan 23 zuwa 15 cikin 100. Ba wata sabuwar na'ura, sai awon jini da ido a kan mutum.

Na san za a ce wanda ya taho daga Dakoro ko Tasawa ba zai iya zirga-zirga duk mako ba, ga kuɗin mota ga na magani. Gaskiya ne. To me zai hana takardar sallama ta bi shi zuwa CSI, wato ƙaramin asibitin garinsu, ma'aikacin jinya ya auna masa jini da nauyi, ya kira likita a waya in ya ga abin da bai gane ba? Masu jego ma su shiga lissafin, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan gazawar zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa. Mai jego da ke haki da kumburi, kada a ce gajiya ce a ƙara mata kunun kanwa.

Gwaggo dai yanzu an rage mata gishiri da magi, tana mita kullum wai miya ta zama ruwa. Likita ya ce in nauyinta ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana uku a dawo da ita. Da yake ba mu da ma'auni a gida, sikelin mai sayen gyaɗa na bakin layi take hawa, yana tsokanarta: "Hajiya, yau nawa za a ba ni buhun?"