Wa ya ce ba ma auna dajinmu?

Ranar Asabar wani abokin aiki ya kai ni Jornada, filin gwajin kiwo da ke arewa da Las Cruces a nan Amurka, wanda gwamnati ta keɓe tun 1912. Daji ne fetal, duwatsu can nesa, waya ta kewaye ko'ina, ga kwamin shan ruwan shanu amma ba makiyayi ko ɗaya. Ya nuna mini turakun ƙarfe huɗu a ƙasa, mita ɗaya tsakaninsu. Tun 1915 ake zuwa irin wuraren nan a zana kowane tushen ciyawa a takarda, har suka ga yadda ciyawa ta ja baya, ƙaya ta cinye filin. Wallahi abin ya burge ni. Sai ya ce, "Ku a Sahel ba ku aunawa, shi ya sa hamada ke cin ku."

Maganar ta tsaya mini a rai.

Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974, tana bin ruwan sama da tsiron ciyawa ta tauraron ɗan Adam. Ƙarshen damina ma'aikatan kiwo kan yanki ciyawa su auna, su fidda lissafin ko za ta kai dabbobi rani. Garson Fulani a Abalak fa? Shi ke yin gaba kafin garke. Ya murza ƙasa a hannu, ya dubi kashin saniya, ya ga inda garmani ya kori karangiya, inda tumfafiya ta yi yawa, nan take ya san ƙasar ta gaji.

Na yarda, takardar Amurkawan ta fi mu ajiya. Amma duk da awonsu ciyawar ba ta dawo ba. Kuma turkensu ya daɗe ne don ba wanda ya nome wurin. Kafa turke a arewacin Tahoua yau, baɗi ka tarar da shi cikin gero. Dokar Nijar ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar kiwo ta 2010 ta jaddada ta, gonaki kuwa sun tsallake ta tuntuni. Burtalin da muka bi da awaki muna yara, an ce mini yanzu shanu sai su jeru ɗaya bayan ɗaya. Masu amalanke na kwashe busasshiyar ciyawa zuwa kasuwa tun kafin rani ya kama.

'Yan uwa na Abalak da Cintabaraden, don Allah ku faɗa mini, bana an hana ko mutum ɗaya nome makiyaya?