Gyara kan rahoton Eris, daga Garwa

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya saka da alheri da wannan rahoto kan Eris, ƙaramar duniyar nan da ke kewaya rana daga can nesa, amma da ɗan gyara. Kun ce ta fi Pluto girma. A faɗi kam ba haka ba ne. Da kumbon New Horizons na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya gifta kusa da Pluto a watan Yulin 2015, awonsa ya nuna faɗinta kusan kilomita 2,377, Eris kuwa wajen 2,326. Inda Eris ta yi mata zarra shi ne nauyi, da kusan kashi 27 cikin ɗari, kuma daga yadda watanta Dysnomia yake kewaya ta aka lissafo hakan.

Ni nisan Eris ne ya fi tsaya mini a rai. Hasken rana da ke iso mana nan Garwa cikin minti 8, sai ya shafe sama da awa 13 kafin ya kai can. Zagaye ɗaya na rana yana cin mata fiye da shekara 550. Sanyin wurin ya kai ga iskar metan ta daskare ta lulluɓe ta fari fat. Subhanallah!

Gano Eris a 2005 ne ya jawo masana taurari suka zauna a Prague a 2006 suka cire Pluto daga jerin manyan duniyoyi. Amma tsohon littafin da ɗana ya gada wajen yayansa har yau tara yake ƙirgawa, kuma haka ya haddace. Don Allah ku yi mana cikakken bayanin dalilin cirewar da Hausa, mu samu abin karanta wa yara.