Tumbi Ba Ƙarfi Ba Ne

Yana damuna in ji an dubi dattijo mai tumbi an ce, "Ai Baba da sauran ƙarfinsa." Ba laifin masu faɗa ba ne, mun saba ganin rama a matsayin ciwo, ƙiba kuwa lafiya.

Amma kitse daban, tsoka daban. Da shekaru sun ja, tsokar cinya tana raguwa, musamman ga mai yawan zama, kitse kuma yana taruwa a ciki. Nauyi ya ƙaru, ƙafafu sun raunana. Dubi Baban in zai tashi daga tabarma: sai ya dafa ƙasa, ya dafa bango. In ya yi tuntuɓe, ƙafar ba ta da zafin naman tare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi rasa rai sanadin faɗuwa.