Yadda Na Jagoranci Jerin Gwano a Birnin Siena Ba Tare da Gayyata Ba

Na shafe shekara 22 ina tuƙi a cikin Kano, kuma duk wanda ya taɓa ratsa Kantin Kwari da mota ana gobe Sallah ya fito babu ƙwarzane, yana da hujjar ɗaukar kansa gwani. Da wannan taƙama na sauka a Milan cikin watan Agusta, ni da uwargida, domin hutun mako biyu a ƙasar Italiya. Ɗan ƙanwata da ke karatu a can ya tarye mu, ya ce, "Kawu, da dai jirgin ƙasa kuka riƙa hawa, garuruwan nan an gina su ne tun kafin a ƙera mota." Na yi masa irin kallon da ake yi wa yaron da aka raɗa wa suna a gaban mutum, na wuce wajen masu ba da hayar mota.

Ma'aikaciyar ta nuna mini wata ƙaramar Fiat Panda, na ce mutum da iyalinsa ba ya shiga akwatin ashana, a ba ni babba. Ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata, na tabbatar mata sau biyu.

Kwanaki huɗun farko mun yi su a bakin tafkin Como, inda duwatsu ke gangarowa har cikin ruwa, gidaje masu jan rufi suna maƙale a jikinsu. Daga Varenna muka shiga jirgin fito, mu da motar, zuwa Bellagio, kuma tun da uwargida ta ji cewa zurfin tafkin ya haura mita 400 ba ta sake ajiye carbi ba sai da muka taka ƙasa. A hanyoyin nan ne na fara lura cewa direbobin da muke gamuwa da su suna kallon motata da tausayi, amma na fassara kallon da sha'awa.

Ranar 15 ga Agusta ta same mu a karkarar Toskana, tsakanin gonakin inabi da na zaitun. Ashe ranar ce Ferragosto, hutun da asalinsa ke komawa zamanin Sarki Augustus na Rum, wanda mutanen ƙasar ke rufe kantuna su tafi bakin teku. Ƙauye uku muka shiga ba mu samu ko burodi ba. Da muka dace da wani gidan abinci a buɗe, na ga an rubuta peperoni a jerin abincin, na ɗaga hannu na ce mu Musulmi ne, ba ma cin naman alade. Mai gidan ya shiga ciki ya dawo da ƙaton tattasai a tafin hannunsa, ya ajiye a gabana bai ce uffan ba. A harshensu sunan tattasai ke nan.

Da la'asar muka doshi Siena, domin washegari ake yin Palio, sukuwar dawakin da ake gudanarwa sau biyu a shekara, ranar 2 ga Yuli da ranar 16 ga Agusta. Unguwannin birnin 17 ne, goma daga cikinsu ke fitar da doki, mahaya kuma babu sirdi suke zagaya dandalin Piazza del Campo sau uku cikin abin da bai wuce minti ɗaya da rabi ba. A matsayina na wanda bai taɓa fashin kallon Hawan Daushe ba, na ƙudurta sai na ajiye mota a bakin dandalin.

A ƙofar tsohon gari akwai wani allo mai jan da'ira, cikinta fari fat, an rubuta Zona Traffico Limitato. Uwargida ta ce, "Alhaji, ga fa mutane can suna ajiye motocinsu a waje suna takawa." Na ce mata da'irar da babu komai a cikinta ba ta hana komai ba, kuma ragwanci ne ya sa suke tsoron lungu. Daga baya na san cewa alamar na nufin an haramta shiga da mota sai ga masu izini, cewa akwai kyamara a saman allon, kuma cewa Siena ta fara korar motoci daga tsakiyarta tun a shekarun 1960.

Hanyar ta fara da faɗi, sannan ta riƙa tsukewa kamar bakin mazurari. Na naɗe madubin dama, na naɗe na hagu, har ta kai uwargida za ta iya miƙa hannu ta ƙwanƙwasa ƙofar mutane daga inda take zaune. Da na sha kwana sai na tarar da dogayen tebura jere a tsakiyar titi, mata suna shimfiɗa musu ƙyallaye, saboda a daren jajibirin sukuwa kowace unguwa kan yi walima a waje. Na sa giyar baya, sai na ji ganguna. Samari ne sanye da tufafi masu launin unguwarsu, suna kaɗa tutoci, sun cika lungun daga bango zuwa bango, bayansu kuma jama'a suna rera waƙa. Gaba tebur, baya ganga, ni kuma a tsakiya da hula zanna bukar ina zufa.

Wata tsohuwa ta leƙo ta taga daga bene ta karɓi ragamar al'amarin. Ba na jin ko kalma ɗaya daga abin da take faɗa, amma hannayenta sun fi na kowane ɗan sandan hanya da na sani bayani. Ta sa aka ɗage tebur shida, ta yi mini nuni da in taho, tana maimaita "piano, piano", wato a hankali. Haka na ratsa unguwar da gudun hawainiya, makaɗa na biye da ni domin ba su da wata hanyar, 'yan yawon buɗe ido kuma suna ɗaukar hotona a zaton wani babban baƙo ne. Tun da abin ya zama haka, sai na ɗaga musu hannu irin na hakimai. Uwargida ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, har yau kuma ta dage cewa kuka take yi.

Kafin in gano ƙofar fita na sake bi ta ƙarƙashin irin wannan allo sau biyu. Sukuwar kuwa a talabijin ɗin masauki muka kalle ta, don ƙafafuna sun ƙi komawa.

Na dawo gida na ba 'yan majalisarmu labarin yadda Turawa suka tarye ni da ganguna, ban ga amfanin tsawaita bayani ba. Bayan wata bakwai wasiƙu uku suka iso a rana ɗaya, kowace da tarar da ta kusa Yuro 100, ban da abin da masu hayar mota suka riga suka cire a katina na ladan bayar da adireshina. Ina masallaci lokacin da aka kawo su, saboda haka a hannun uwargida suka faɗa, ita kuma ta ɗauki hotonsu ta tura wa ɗan ƙanwar nan tawa domin ya fassara mata. Ya fassara su tsaf, sannan ya sanya fassarar a zauren WhatsApp na dangi.