Ku bar yarinyar nan da kwalabenta

Tun jiya raina yake a ɓace. Kun dai ji saƙon muryar da aka jefo a zaurenmu na 'yan Maiurno, garinmu a Sudan, ba sai na maimaita ba. A ce dattijo mai furfura ya zauna yana yi wa 'yar cikinsa dariya, wai an tura ta jami'a ta dawo tana noman hargal, ganyen maganin nan na gargajiya, a kwalba! Kawu, da girmanka, maganar nan ba ta dace da bakinka ba.

Ni na shiga ɗakin gwajin nasu a Khartum kafin yaƙin 2023 ya tarwatsa mu, kuma na gani da idona. Ɗan gutsuren ganye take yanka, bai kai farce ba, ta wanke shi da sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ta ɗora a kan wani abu mai kama da kamu da ya daskare, wanda aka haɗa da sukari da gishirin da tsiro ke buƙata. Wannan haɗin tun 1962 Murashige da Skoog suka fitar da shi, har yau da shi ake aiki a duniya. Bayan 'yan makonni gutsuren ya kumbura ya zama dunƙule fari-fari kamar tsakin gero da ya jiƙa. Numfashi ɗaya na ganganci a kan kwalba, fumfuna ta cinye aikin wata biyu.

Me take nema? Awo. Awo kawai, abin da maganinmu ya rasa tun kaka da kakanni. Hargal ɗin da aka cire a hamadar arewa bana ba ƙarfinsa ɗaya da na bara ba. Wanda ya kwana wata shida a buhu a kasuwa daban yake da sabo. Wa bai san wanda ya sha sanamaki, ɗan'uwan filaskonmu, ya kwana yana zaryar banɗaki ba? Ganyen bai yi ƙarya ba, awon ne babu. A cikin kwalba kuwa haske ɗaya ne, zafi ɗaya, abinci ɗaya, sai a iya cewa ga yawan sinadarin da ke ciki.

Ta nuna mini gwajin. Wani ruwa ne mai launin shunayya mai duhu, tana ɗiga tatsen tsiron sai ya koma ruwan ɗorawa. Yadda launin ya kwaranye shi ke nuna ƙarfin sinadaran da ke tare lalacewar ƙwayoyin jiki, irin waɗanda suka ba karkade, wato zoɓo, jan nan nasa. Kuma da bakinta ta ce mini, "Gwaggo, canjin launi a kwalba ba shi ne warkar da mutum ba, da sauran tafiya." Masu tallar magani a bayan mota sun taɓa gaya muku haka?

Masu cewa kakanninmu ba su yi awo ba kuma sun rayu, ku ƙirga waɗanda ba su rayu ba tukuna. Masu cewa aikin Turawa ne, maganin sankara da ake kira Taxol, a Jamus daga ƙwayoyin bishiya da aka rena a tanki ake tatso shi, me zai hana 'yarmu ta yi wa hargal haka? Kwalabenta duk sun mutu da aka rasa wuta, ta baro su da hawaye. Yanzu tana neman inda za ta sake farawa, abin da ta samu a gida dariya ce.

Wani abin ma da ya dame ni, da na tambayi jikokina sunan bishiyoyin bakin kogi, da Larabci suka faɗa: tabaldi suka ce, da lalob, da nabak. Ko ɗaya bai san kuka ba, balle aduwa da kurna. Ƙaramar cewa ta yi ai kuka miya ce, ba bishiya ba.