Kafin ka kafa rumfa a Arizona

A garuruwan da suka kewaye Finiks, babban birnin jihar Arizona ta Amurka, mutum zai sayi gida da kuɗinsa, takardu na hannunsa, yana biyan haraji duk shekara, amma ba zai kafa dirkoki huɗu ya ɗora musu rufi a bayan ɗakinsa ba sai ya duba abin da littafin dokar gari ya ce. In rumfar ta matsa kusa da katanga fiye da yadda aka rubuta, ko ta sa rufin gidan ya zarce kason filin da aka yarda a rufe, sai ya cike takardar neman sassauci, ya biya kuɗi, a sa masa ranar zama. A ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa nake zaune. Tsarin yana da abin koyi, ban musa ba, amma a kan rumfa tambayar da yake yi ba ita ce ta dace ba. Tambayarmu ta gida, wato wa aka cuta, ta fi ta, duk da cewa mu ma mun bar tamu ta lalace.

Sai an san zafin garin nan kafin a gane zancen. A 2023 Finiks ta yi kwana 31 a jere, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli, zafi bai kasa digiri 110 a ma'aunin Amurka ba, wato wajen 43 a namu. A 2024 kuwa kwana 113 aka jera ana kai 100 ko fiye. Basakkwace ko mutumin Yamai ba zai firgita da 43 ba, ya saba gani a watan Afrilu. Bambancin shi ne bazararmu tana da wa'adi, ruwa na sauka a huta. Nan daga Mayu ake farawa, har Oktoba ana ciki. A shekarar ta 2023 gundumar Marikofa, wadda Finiks ke cikinta, ta ƙirga mutum 645 da zafi ya yi ajalinsu. Akasarinsu a waje suka mutu, da yawa ba su da matsuguni, don haka ba zan ce rumfar bayan gida ce za ta cece su ba. Abin da na sani shi ne bangon da ke kallon yamma yana shan rana tun daga azahar, ya yi ta amayar da zafi cikin ɗaki har bayan isha'i, na'urar sanyaya ɗaki na ta kuka, kuɗin wuta na hawa. Simintin tsakar gida kuwa yana ƙona tafin ƙafar yaro. A irin wannan gari rumfa ba ado ba ce.

Abu biyu ne ke kama yawancin masu son rumfa. Na farko tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da iyakar fili, gaba da baya da gefe. In rumfar a jingine take da gida, dokokin garuruwa da yawa suna lissafa ta cikin gidan, sai tazarar gidan ta hau kanta. Na biyu kason rufi, domin duk abin da aka rufa samansa, ko ba shi da bango ko ɗaya, ana iya lissafa shi. Masu gina rukunin gidaje kuwa sun riga sun cinye kusan duk kason, saboda girman ɗakuna ke sayar da gida. Kai da ka saya daga baya sai ka tarar da saura kaɗan.

To ka je neman sassauci, me za a tambaye ka? Dokar jihar Arizona ta fayyace. Dole ka nuna filinka yana da wani hali na daban, ko a girmansa, ko a siffarsa, ko tudu da kwarinsa, ko abin da ke kewaye da shi, wanda ya sa bin doka sak zai hana ka abin da masu fili irin naka suke mora. Kuma dokar ta hana a ba da sassauci in kai ka jawo wa kanka matsalar. Fulotin da ya tsuke kamar alkaki a kan kwana yana da hujja. Fulotin da ya fita sambal, irin na kowa a layin, ba shi da ita. Ka ce mahaifiyarka ta tsufa, ba ta iya wuni a kulle cikin sanyin na'ura, tana son inda za ta shimfiɗa tabarma ta sha iska da la'asar, za a saurare ka da mutunci, a ce maka wannan halin iyalinka ne, ba halin fili ba. Ka ce rana, a ce ranar tana dukan kowa, saboda haka ba hali na daban ba ne. Abin ya zama kamar likita ya zo duba mara lafiya ya tsaya yana ƙwanƙwasa gado.

Ban da wannan akwai zane da awo da za ka kai, akwai wasiƙu ga maƙwabta, akwai allon da ake kafawa a ƙofar gida mai ɗauke da ranar zama. In unguwar tana da ƙungiyar masu gidaje, nasu izinin daban ne, har launin fenti suna da ta cewa. Wanda ya iya Turancin takarda, ko yake da kuɗin ɗaukar lauya, yana wucewa. Ɗan ci-rani mai aikin dare da wuya ya fara ma.

Da na ba kawuna labari ta waya, cewa ya yi, "Gidan haya ka kama ne?"

Na ce, "A'a, Kawu, saye na yi."

"To maƙwabcin ne ya hana?"

"Shi ma ya ce ba ruwansa, har ya ce zai sa hannu."

Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "To wa aka cuta?"

Wannan tambaya tana cikin sharuɗɗan nan ɗin ma, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Ko duk layin sun sa hannu, in filinka ba shi da aibi, doka ba ta ba ka ba.

Asalin abin yana da ban mamaki. Babbar dokar tsarin unguwanni ta farko a Amurka a New York aka yi ta, a 1916, kuma cikin abubuwan da suka hanzarta ta har da wani dogon bene mai suna Equitable da aka gama a 1915, wanda ya tashi sak daga bakin titi ya jefa maƙwabtansa cikin duhu. Tsoron inuwa ne ya haifi dokar, a garin sanyi inda hasken rana dukiya ne. A shekarun 1920 Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka, ƙarƙashin Herbert Hoover, ta fitar da samfurin doka da jihohi suka yi ta kwafa, ciki har da kwamitin sauraron masu neman sassauci, kuma samar da haske da iska na cikin manufofin da ta lissafa. A 1926 Kotun Ƙoli ta halatta tsarin a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio. Daga nan aka ɗauko gida a tsakiyar fili, da sarari ta ko'ina, aka dasa shi a hamada. A 1950 mutanen Finiks ba su fi dubu 107 ba, a 2020 sun haura miliyan 1.6, kuma na'urar sanyaya ɗaki ce ta ba su damar zaman. Mutanen O'odham, 'yan asalin yankin tun kafin zuwan Turawa, rumfa suke kafawa da dirkoki masu baki biyu su rufe da rassa, irin wadda duk wanda ya tashi a ƙauyenmu zai gane da gani ɗaya.

Yanzu a duba namu. Malaman Malikiyya sun yi dogon bayani kan gini da maƙwabtaka, kuma tushensu hadisin nan na babu cuta babu cutarwa. Mutum yana da ikon yin abin da ya so a milkinsa, wanda ya ce an cuce shi shi zai kawo hujja. An san irin cutar: hayaƙi, warin majema, tagar da ke leƙa tsakar gidan wani, indararon da ke zuba ruwa a gindin katangar maƙwabci. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato, tare wa maƙwabci haske ko rana ko iska ba ya cikin abin da ake hanawa, sai dai a masussuka, inda ake buƙatar iska don shiƙa. Abin da ya tayar da hankalin New York ke nan, su kuwa malaman ƙasashen zafi ba su ɗauke shi cuta ba. Akwai kuma hadisin Abu Huraira da ya ce kada maƙwabci ya hana maƙwabcinsa kafa itace a bangonsa. Imam Malik ya ɗauke shi a matsayin abin so, ba tilas ba, amma ka ga inda aka dosa: azarar rumfarka a jikin katangar wani. Nan kuwa tsere wa katangar ake sa ka yi. Wanda ya bi lungunan cikin birnin Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, da rana tsaka ya san amfanin gini ya jingina da gini.

Sai dai ba zan yi wa kaina daɗin baki ba. Wannan tambaya ta wa aka cuta tana aiki ne in akwai mai amsa ta da gaskiya. Yau attajiri zai ta da bene, tagoginsa na kallon matan gidan talaka, mai unguwa ya ce a yi haƙuri, zaman tare ne. Rumfar ƙofar gida ta zama shago, shago ya hau kan kwalbati. Da ruwa ya shiga Kantin Kwari a damunar 2022 ya lalata dukiya, gine-ginen da aka yi kan hanyar ruwa aka fi nuna wa yatsa. Hukumomi muna da su, Kano tana da hukumar tsara birane ta KNUPDA, Najeriya tana da dokar tsara birane tun 1992, amma talaka ya fi sanin su da jan fenti a bango. A Yunin 2023 aka wayi gari ana rusau a Kano, har da shagunan filin Idi, gine-ginen da masu su ke cewa gwamnatin da ta gabata ce ta ba su. Ko wane ɓangare mutum yake, abin da ya bayyana shi ne takardar wata gwamnati ba lalle ta kare ka a hannun wata ba. A nan kuwa, duk da ƙorafina, tun kafin ka sayi katako ka san matsayinka, maƙwabci ya san ranar da zai je ya yi magana, kuma abin da aka yanke yana rubuce, ana iya ɗaukaka ƙara. Wannan nake yi wa gida sha'awa. Tazarar ban yi mana sha'awarta ba. Ita ma ai mun taɓa karɓar irinta, tun dokar garuruwa ta Lugga ta 1917 da ta sa a bar yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, kuma gidan tsakiyar fili irin na unguwar Nassarawa ta Kano shi ya zama abin kwaikwayon sababbin unguwanninmu, rana na dukansa ta fuska huɗu.

Masu kare tsarin nan suna da hujjoji, kuma wasu na karɓa. Gobara tana tsallaka daga rufi zuwa rufi in sun matsu. Ruwan rufinka bai kamata ya sauka a gidan wani ba. Guguwar damuna, daga Yuli zuwa Satumba, tana iya ɗaga kwanon da ba a ɗaure da kyau ba ta jefa shi kan motar mutane. Amma duk waɗannan aikin mai duba gini ne: a yi rufin da abin da wuta ba ta ci, a sa masa indararo ya zuba ciki, a binne dirkokin da siminti. Ba su buƙatar a tabbatar fili yana da nakasa. Rumfa marar bango, wadda tsayinta bai wuce na ɗaki ba, ya kamata a rubuta mata ƙa'idoji kaɗan, duk wanda ya cika su a ba shi takarda a ofis, zama kuma sai in maƙwabci ya kawo cutar da za a iya nunawa.

Ba abu ne da ya gagara ba. Birnin Finiks da kansa ya yi shirin itatuwa da inuwa tun 2010, ya kuma buɗe ofishi na musamman kan zafi a 2021, ana kashe kuɗin jama'a a kafa rumfuna a tashoshin bas. A 2024 majalisar jihar ta tilasta wa duk garin da mutanensa suka haura dubu 75 ya bar masu gida su gina ƙaramin ɗaki a bayan gida, ta kuma hana a nemi tazarar da ta wuce ƙafa 5 a gefe ko a baya. In ɗaki mai bango da banɗaki ya samu wannan, ban ga abin da zai hana rumfa ba.

Kafin a kai can, abin da mutane ke yi a layinmu shi ne su je kanti su sayo tantin yadi mai siraran ƙafafun ƙarfe, irin wanda ake naɗewa, tun da shi ba mai tambayarka takarda. Rana tana cinye yadin cikin ɗan lokaci, in kuma iskar Agusta ta riga ta, da safe sai ka ga mutum yana ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci ya karɓo ƙarafunansa.